Jirgi Mai Haɗaɗɗen Fiffike: A Fara Ɗora Masa Mai da Kaya Kafin Fasinja

Tun 1958 da Boeing 707 ya fara jigilar fasinja, siffar jirgin sama ba ta sauya ba: dogon bututu, fiffike biyu a tsakiya, wutsiya a baya, injina a rataye. An sauya ƙarfe, an sauya inji, an cika ɗakin matuƙi da kwamfuta, amma duk wanda ya dubi 707 ya dubi 787 ya san 'yan gida ɗaya ne. Yanzu wani ƙaramin kamfani da ke Long Beach a jihar Kalifoniya, JetZero, ya ce zai kawo ƙarshen wannan zamani da jirgi mai haɗaɗɗen fiffike, wanda injiniyoyi ke taƙaita sunansa da BWB. Jirgin nasu, Z4, zai ɗauki fasinja wajen 250, kuma a cewarsu zai rage shan mai da abin da ya kai rabi. A Agustan 2023 rundunar sojin saman Amurka ta ware dala miliyan 235 don a ƙera cikakken jirgin gwaji ya tashi a 2027. Kamfanonin jigilar fasinja Alaska Airlines da United sun zuba kuɗi, Delta ta shiga haɗin gwiwa, a 2025 kuma aka sanar cewa za a gina masana'anta a Greensboro ta jihar Karolina ta Arewa.

Ra'ayina shi ne siffar tana da kyau, kuma ya dace a ƙera ta. Amma ba fasinja ne ya kamata ya fara hawa ba, a fara da tankar mai, wato jirgin da ke zuba wa wasu jirage mai a sama, da jirgin kaya, kuma wanda ke jiran sayen tikitinsa a farkon shekarun 2030 zai daɗe a zaune.

A jirgin da muka saba, aikin a rabe yake. Fiffike ne ke ɗagawa, bututu kuwa ɗaukar mutane kawai yake yi, iska tana gogar jikinsa tana ja da baya ba tare da ya taimaka da abin kirki ba. Wutsiya ma nauyi ce da gogayya, a mafi yawan tafiya ƙasa take dannawa don ta riƙe hanci. A jirgi mai haɗaɗɗen fiffike an faɗaɗa gangar jikin ta zama kusan kusurwa uku, ta narke cikin fiffike ba tare da gaɓa ba, har ita ma tana ɗagawa. Robert Liebeck da abokan aikinsa Mark Page da Blaine Rawdon sun yi wannan lissafi a kamfanin McDonnell Douglas a shekarun 1990, da tallafin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, kan jirgi mai kujeru 800. Suka samu cewa fatar da iska ke goga ta ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku, nauyin tashi ya ragu da kashi 15 cikin 100, man da ake ƙonawa kan kowace kujera ya ragu da kashi 27. Ma'aunin da injiniyoyi suka fi dubawa, wato ninkin ɗagawa a kan jan iska, ya tashi daga wajen 19 zuwa 23. Akwai kuma wata riba a ɓoye: da yake nauyi ya bazu a faɗin jirgin inda ɗagawar take, ba a tattare a tsakiya ba, ƙarfin da ke neman lanƙwasa gindin fiffike ya ragu.

Ba a kan takarda abin ya tsaya ba. X-48B, ƙaramin jirgin gwaji na Boeing da NASA, mai faɗin sama da mita 6 wanda ake sarrafawa daga ƙasa, ya fara tashi a Yulin 2007 a sansanin Edwards, kuma shi da magajinsa X-48C sun yi tashi 122 kafin a rufe shirin a 2013. Airbus ya tashi nasa ƙaramin samfurin, MAVERIC, a 2019, ya ce zai iya rage mai da kashi 20. Jami'ar Delft ta Holan da kamfanin jiragen KLM sun tashi samfurin Flying-V, ɗan uwan wannan siffa, a 2020. Saboda haka maganar ko zai tashi an gama ta. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Babbar matsalar ita ce matsin iska a ɗakin fasinja, kuma ita ce aka fi saurin tsallakewa a tallace-tallace. A tsawon mita 11,000 zuwa 12,000 matsin iskar waje wajen kashi ɗaya bisa biyar ne na wanda ke bakin teku. A ciki kuwa ana riƙe matsi daidai da na tsawon mita 1,800 zuwa 2,400 don mutane su yi numfashi. Bambancin da ke tsakani yana tura kowane murabba'in mita na bangon jirgi waje da ƙarfin da ya kai kusan tan 6. Da'ira ce ke sa a iya jure wannan da arha: matsin yana zagaya fatar yana ja mata kawai, ba ya lanƙwasa ta, shi ya sa fatar alminiyon ta 737 a wurare da yawa ba ta fi milimita ɗaya da 'yan kai ba. Dalilin da ya sa tukunyar gas take zagaye ke nan, jarka mai shimfiɗaɗɗen gefe kuwa da an bar ta a rana da fetur a ciki sai ta kumbura. Ɗakin fasinjan BWB shimfiɗaɗɗe ne sama da ƙasa. A ce rufinsa murabba'in mita 200 ne, to tan 1,200 ke tura shi sama, wani tan 1,200 na tura daɓen ƙasa, kuma lanƙwasawa suke yi, ba ja kawai ba. Ƙari a kan haka, wannan ganga ɗaya ita ce ke ɗaukar ƙarfin fiffike daga hagu zuwa dama. A jirgin bututu waɗannan ayyuka biyu kusan a rabe suke.

Kuma ba sau ɗaya za a hura ta ba. Kowace tafiya hurawa ce da sacewa, sau dubun-dubata a rayuwar jirgi. Jiragen Comet biyu na Ingila da suka tarwatse a sama a 1954 abin da ya ci su ke nan. Sai da masu bincike a Farnborough suka nutsar da cikakken jirgi a tankin ruwa, suna hurawa suna sacewa, kafin suka ga yadda tsaga ke farawa daga kusurwar inda aka yanka fata. Kusurwa ita ce inda gajiyar ƙarfe ke samun mashiga, ɗakin BWB kuwa cike yake da kusurwoyi, duk inda rufi ya haɗu da bango.

Hanya biyu aka sani. Ko dai a jera bututai masu zagaye a ciki su riƙe matsi, a lulluɓe su da wata fatar ta waje mai siffar fiffike, wato a biya nauyin fata sau biyu kuma a yi asarar wuri. Ko kuma a yi shimfiɗaɗɗun bangaye masu kauri da haƙarƙari, a raba ɗakin zuwa zaure-zaure da ganuwar da ke ɗaure rufi da daɓe. Ta biyun aka fi bi. NASA da Boeing sun ƙirƙiro wani gini da suka kira PRSEUS, inda ake ɗinke yadin zaren kabon da sanduna da haƙarƙari kafin a zuba masa danƙo a gasa, ta yadda idan tsaga ta fara sai ɗinki ya tare ta. A 2015 sun gwada wani babban akwati da aka yi da shi, mai faɗin mita 9, a cibiyar Langley, ya kuma jure abin da aka ɗora masa. Madalla. Amma akwati ɗaya a ɗakin gwaji daban, ƙera jirgi goma ko ashirin a wata daban, gyara shi cikin dare ɗaya bayan motar abinci ta doke shi kuma daban. Duk tan ɗaya da ginin ya ƙaru da shi daga ribar mai za a cire shi, kuma kusan babu sabon jirgin da ke fitowa a nauyin da aka zana.

Sai maganar sarrafawa. Wutsiyar jirgin Airbus A320 tana can baya da fiye da mita 15 daga tsakiyar nauyin jirgin, don haka ɗan ƙaramin motsi ya isa ya ɗaga hanci ko ya saukar. BWB gajere ne, filafilan da ke gefen bayansa suna kusa da tsakiyar nauyi, dole su zama manya, su yi sauri, su ci ƙarfin haidurolik ko lantarki mai yawa. Manyan filafilan da jiragen yau ke sakowa lokacin sauka don su rage gudu, shi ba zai iya amfani da irinsu sosai ba, domin suna danna hanci ƙasa kuma babu wutsiyar da za ta rama. Sai dai ya dogara da faɗinsa, ya sauko da hanci a ɗage. A tsakiyar tafiya kuma ba a son daɓe ya karkata fiye da digiri 3, in ba haka ba keken abinci zai riƙa gangarawa. Tazarar da tsakiyar nauyi ke iya motsawa a cikinta ma ƙarama ce, wanda ke nufin lodin kaya, zaman fasinja da yadda ake shan mai daga tankuna duk sai an bi su da lissafi mai tsauri. JetZero ya zo da wata dabara a nan da ta cancanci yabo: ƙafar gaba tana miƙewa lokacin tashi ta ɗaga hancin da kanta, abin da ya ba su damar mayar da manyan ƙafafu can baya, su bar wa fasinja bene ɗaya.

Duk wannan kwamfuta ce ke riƙe da shi, ita kuma abin da na'urorin auna iska suka gaya mata shi take bi. Jirgin yaƙin B-2, wanda shi ma fiffike ne zalla, ya faɗi a tsibirin Guam a Fabrairun 2008 saboda danshi ya shiga na'urorin, kwamfuta ta karɓi lissafin ƙarya ta ɗaga hanci fiye da kima yana barin titi. Matuƙan biyu sun tsira da kujerun da ke cilla su waje. Fasinja ba shi da irin wannan kujera. Bayan haɗurran 737 MAX na 2018 da 2019 da suka kashe mutum 346, waɗanda su ma tushensu na'ura ɗaya ce da manhajar da ta gaskata ta, babu hukumar da za ta sa hannu a kan sabuwar siffa da gaggawa.

Abin da jama'a suka fi kokawa a kai, wato rashin taga, a ganina shi ne mafi sauƙi. A 777 mai kujeru goma a jere mutum biyu ne kawai ke da taga, sauran takwas kuma ba su fasa tafiya ba. Jijjiga ta fi wannan muhimmanci, amma ita ma da maganinta. Wanda ke bakin taga a 777 bai kai mita 3 daga tsakiyar jirgi ba, idan aka karkata digiri 25 zai yi sama ko ƙasa da mita ɗaya da kaɗan. Wanda ke mita 8 daga tsakiya a BWB zai motsa sama da mita 3 a daidai wannan lokaci, wato abin da cikinsa zai ji ya ninka kusan uku. Ana iya taƙaita saurin karkata a manhaja, a kuma tura bayi, kicin da kaya zuwa gefe. Guguwa ce kawai ba ta bin manhaja.

Fitar gaggawa kuwa ba abin wasa ba ce. Doka ta ce kowa ya fita cikin daƙiƙa 90, a duhu, rabin ƙofofi a rufe. A gwajin A380 a Hambug a Maris 2006 mutum 873 ne suka fita cikin daƙiƙa 78. A bututu hanya a miƙe take, gaba ko baya, ƙofa a dama da hagu. A BWB gefen ɗakin fiffike ne mai ɗauke da mai, don haka ƙofofi suna gaba a kan kafaɗa, wasu kuma a baya kusa da injina. Wanda ke tsakiyar zaure na uku, hayaƙi ya rufe, ba ya ganin ƙofa ko ɗaya. Idan ƙafafu suka karye jirgin ya zauna a kan cikinsa, ko aka sauka a ruwa, sai an nuna waɗanne ƙofofi ne za su buɗu. Lissafin kwamfuta ya nuna abu ne mai yiwuwa, amma hukuma da mutane na gaske take gwadawa.

Duk waɗannan injiniya na iya warware su idan aka ba shi kuɗi da lokaci. Wadda ta fi ba ni shakka ta kasuwa ce. Kamfanin ƙera jirgi ba ya cin riba da jirgi ɗaya, da iyali yake ci. Da Airbus ya so ya mayar da A320 ya zama A321, sassa biyu na bututu ya ƙara, ɗaya gaban fiffike ɗaya baya, jimilla kusan mita 7, ya ƙarfafa wasu wurare, shi ke nan. Matuƙi ɗaya, kayan gyara kusan ɗaya, layin ƙira ɗaya. BWB ba ya tsawaita haka. Don a ƙara kujeru sai an faɗaɗa shi daga tsakiya, faɗin fiffike ya ƙaru, yadda iska ke bin jikinsa ya sauya, kusan sabon jirgi ke nan. Kuma ribar siffar tana raguwa idan jirgi ya ƙanƙance, domin dole mutum ya iya tsayawa a cikin fiffike. Idan kaurin gangar kashi 15 ne na tsawonta, samun zurfin mita 3 yana buƙatar tsawon mita 20, ko da kujeru kaɗan za a saka. Alhali wajen uku cikin huɗu na jiragen da ake hasashen za a saya nan da shekara 20 ƙanana ne masu hanya ɗaya a tsakiya, ajin 737 da A320, waɗanda wuraren tsayawarsu a filayen jirgi ba sa karɓar faɗin da ya kai mita 36. Mai zane ko dai ya matse fiffike ya rasa wani ɓangare na ribar, ko ya yi masa gaɓar naɗewa irin ta 777X, ko ya nemi wurin manyan jirage. Ba mamaki da Airbus ya nuna tunaninsa kan magajin A320 a 2025, bututu ne da dogon fiffike.

JetZero ya yi wayo da ya zaɓi ajin kujeru 250, gurbin da 757 da 767 suka bari babu magaji. Sai dai a wannan aji babu sabon inji. Injinan A320neo suna tsayawa a wajen fam 33,000 na ƙarfin turawa, na 787 kuma sun fi ƙarfin abin da ake buƙata nesa. Shi ya sa jirgin gwajin zai yi amfani da PW2040, injin 757 na shekarun 1980. Ƙera sabon inji kuwa biliyoyin daloli ne da shekaru masu yawa, kuma masu ƙerawa ba sa farawa sai sun ga odar ɗaruruwa. Ɗora injinan a sama ta baya yana da amfani: gangar jiki tana tare ƙara daga mutanen ƙasa, tsakuwar titi ba ta shiga. Amma makaniki sai ya hau sama, sauya inji sai da ƙugiya mai ɗagawa, kuma sai an tabbatar cewa idan faifan inji ɗaya ya fashe ba zai yanka na kusa da shi ba.

Batun rage mai da rabi kuma, duk mai karatu ya tambaya: rabin na wa? An tallata 787 a kan yana shan kashi 20 ƙasa da 767. Idan ka ɗauki 767, jirgin 1982, ka cire kashi 20 na sabon zamani, ka sake cire kashi 30 na siffa, za ka tarar ka kusa rabi. Lissafin ba ƙarya ba ne, amma abokin gasar Z4 ba 767 ba ne, jirgin bututu ne na shekarun 2030 da sabon inji da dogon fiffike. A kan wannan, kashi 15 zuwa 20 shi ne abin da nake ganin mai hankali zai sa rai da shi. Ba kuma ƙaramin abu ba ne a sana'ar da mai ke cin kashi ɗaya bisa huɗu zuwa ɗaya bisa uku na kuɗin gudanarwa.

To me ya sa na ce a fara da tankar mai? Domin hakan aka yi a zamanin 707. Samfurin da Boeing ya tashi a Yulin 1954 ya fara zama KC-135, tankar sojin sama, aka sayi sama da 700, kuma wannan oda ta taimaka wajen tsayar da 707 da ƙafafunsa. Yawancin KC-135 da ke aiki yau sun haura shekara 60, rundunar kuma da kanta ta ce jiragen dakon kaya da mai ne ke shan wajen kashi 60 na man da take ƙonawa. Mai ba ya buƙatar matsin iska, ba ya neman taga, ba ya fita ta ƙofar gaggawa, ba ya amai. Ɗakin matuƙa kawai za a hura. Da tanka za a koyi yadda jirgin ke tafiya a kowane yanayi, yadda ake ƙera shi da yawa, inda yake tsagewa bayan shekara goma, da abin da makaniki ke tsinewa. Bayansa sai jirgin kaya, inda kamfanin Natilus na San Diyego ya dosa da ƙaramin jirginsa Kona mai ɗaukar tan 3.8. Akwatunan kaya masu kusurwa huɗu sun ma fi dacewa da shimfiɗaɗɗen ɗaki.

Za a ce tanka ba za ta amsa tambayar matsin iska ba, kuma gaskiya ne. Amsar wannan a ƙasa ake samunta, ba a sama ba: a ƙera cikakkiyar gangar fasinja, a sa ta a keji, a yi ta hurawa ana lanƙwasa fiffike dare da rana. Gangar 787 ta sha irin wannan daga 2010 zuwa 2015, tafiya ta kwaikwayo sama da 160,000. Kuɗin gwamnati da na kamfanonin da suka sa hannu, can ya kamata wani kaso nasa ya tafi tun yanzu, maimakon hotunan ɗakin fasinja mai fitilu. Za a kuma ce idan aka bar wa Boeing da Airbus, ba za su taɓa yi ba, tunda littafin odarsu a cike yake na shekaru. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa nake goyon bayan jirgin gwajin 2027. Amma odar United ta jirgi 100 da zaɓin ƙarin 100 sharaɗi ke gare ta, kuma irin wannan alkawari ba ya cin mai yin sa komai idan abu bai yiwu ba.

Ranar da jirgin gwajin ya tashi za a yi ta shewa, hotuna za su cika intanet. Abin da ya kamata a nema a lokacin shi ne nauyinsa a kan sikeli idan aka gwada da wanda aka zana, da ninkin ɗagawa a kan jan iska da aka auna a sama a gudun tafiya ta gaske, da kuma ko ɗakin fasinjan ne aka hura ko na matuƙi kawai. Ko da duka sun fito da kyau, da sauran rina a kaba. Mitsubishi ya yi shekara 15 yana fama da SpaceJet, jirgin bututu na yau da kullum, ya haƙura a 2023. Bombardier ya gama CSeries amma kuɗi suka ƙare masa har ya miƙa wa Airbus a 2018. C919 na Sin ya ɗauka daga 2008 zuwa 2023. 777X, wanda gyaran tsohon jirgi ne, an ƙaddamar da shi a 2013, ya tashi a 2020, shekarar 2025 ta ƙare bai ɗauki fasinja ba. Boeing da kansa, da duk gogewarsa, ya ƙaddamar da 787 a Afrilun 2004 ya fara jigila a Oktoban 2011, shekara bakwai da rabi. Idan aka ɗora wannan a kan 2027, an kai ƙarshen 2034 ko 2035, ga kamfanin da bai taɓa samun lasisin jirgi ko ɗaya ba, da siffar da dokokinta ma sai an zauna an rubuta wasu daga cikinsu.